ZAFI DA SANYI A GINE-GINEN GONA

Jawabin malamin gona ga manoman rani na Kura da Bunkure

  

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ya biyo babbar hanya ya iso Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam, manomin wannan yanki ya zama mai noma rani da damina. Alkama, shinkafa, tumatir, albasa, masara, duk mun iya nomansu. Inda ake yi mana fintinkau shi ne bayan an kawo amfani gida. Albasar da aka yi wata huɗu ana yi wa ban ruwa sai ta ruɓe a ɗaki. Irin alkamar da aka ɓoye tun bazara sai ya ƙi tsira. 'Yan tsakin da aka saya da kuɗi masu yawa sai su taru a lungu cikin dare su danne juna. Sau da yawa akan ɗora laifin a kan iri ko cuta, alhali kuwa laifin na ɗakin ne.

Saboda haka yau maganar gini za mu yi: yadda za a gina ɗaki ya hana zafi shiga da bazara, ya kuma hana ɗumi fita da hunturu, ba tare da an dogara ga fanka ko janareta ba. Kun dai sani tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu 2023 kuɗin mai ya ninka fiye da sau uku. Ɗakin da sai an ƙona mai ko gawayi mai yawa kafin ya yi aikinsa, ɗaki ne mai cin ribar mai shi.

YADDA ZAFI KE TAFIYA

Abu na farko da za a riƙe shi ne, kullum zafi daga wuri mai zafi yake tafiya zuwa wuri mai sanyi, kamar yadda ruwan ban ruwa ke gangarowa daga tudu zuwa kwari. In ka ji ɗaki ya yi sanyi da asubar hunturu, ɗumin da ke ciki ne ya tsere waje. Hanyoyin da yake bi guda uku ne.

1. Ta cikin jikin abu. Sa cokalin ƙarfe a cikin shayi, nan da nan mariƙinsa zai ɗau zafi. Sa muciya a tukunyar tuwo, sai ka gama tuƙi hannunka lafiya lau. Ƙarfe ya fi ƙasar gini saurin wuce da zafi fiye da sau 50. Ciyawa busasshiya, kara da ɓuntun shinkafa kuwa sun fi ƙasar ma hana shi wucewa, domin iskar da ke maƙale a tsakaninsu ba ta motsi.

2. Ta hanyar iska. Iska mai zafi sama take yi, kamar hayaƙi. In ta sami kafa a sama sai ta fita, wata ta shigo ta ƙasa ta maye gurbinta.

3. Ta hanyar huci. Wanda ya zauna kusa da wuta yana jin hucinta a fuska ko da iska ba ta kaɗowa wajensa. Haka rana ke gasa rufi, haka kuma rufin da ya gasu ke gasa abin da ke ƙarƙashinsa.

Akwai kuma abu na huɗu wanda ke taimakonmu. Duk lokacin da ruwa ke bushewa, yana tafiya da zafi. Shi ya sa ruwan randa ya fi na jarka sanyi. Za mu komo kan wannan in mun zo maganar tumatir.

YANAYIN ƘASARMU

A watan Afrilu zafin rana a ƙasar Kano yakan kai digiri 38 zuwa 40 na ma'aunin santigirad, a inuwa ke nan. A Disamba da Janairu kuwa, da asuba yakan sauko zuwa digiri 12 ko 13, wani lokaci ƙasa da haka, ga busasshiyar iska daga arewa maso gabas. Ko a rana ɗaya ta rani, tsakanin azahar da asuba akan sami bambancin digiri 15 ko fiye. Da damina zafi yakan ragu, amma laima ta yi yawa. Ke nan gini ɗaya muke so ya yi mana aiki uku: ya tare zafin bazara, ya riƙe ɗumin hunturu, ya sha iska da damina.

RUFI SHI NE KAN GABA

Da tsakar rana, zafin da ke sauka a kan fili mai mita 1 tsawo da mita 1 faɗi ya kusa daidai da na dutsen guga na lantarki guda ɗaya. Ɗaki mai ƙafa 13 kowane gefe, wato kamar mita 4, ka ƙaddara dutsen guga 16 aka jera a kansa aka kunna. To me ke tsakaninka da su? In kwano ne, kaurinsa bai kai rabin milimita ba. Jikin kwano yakan kai digiri 60 ko fiye da azahar, ya riƙa turo huci ƙasa. Da dare kuma shi ne farkon mai sakin ɗumi, har da kaka ka ga raɓa tana ɗiga daga ƙarƙashinsa a kan buhuna.

Wani zai ce, Malam, so kake mu koma jinka da soro? Ba haka nake nufi ba. Kwano yana da amfaninsa: ba ya yoyo, ba ya son gyara kowace shekara, gara ba ta cinsa. Amma ruwa kaɗai yake tarewa. Sai an taimake shi kafin ya tare zafi. Ga yadda ake yi, daga mai araha zuwa mai tsada:

1. A shimfiɗa kara, zana ko karan shinkafa a kan kwanon da rani, a ɗaure da kyau. In an ɗora su a kan sanduna yadda iska za ta wuce tsakaninsu da kwano, ya fi. A sauke su kafin ruwa ya zauna, don kada su jiƙe su sa kwano tsatsa.

2. A shafa wa kwanon farin fenti ta sama. Farin abu yana mayar da kashi 70 cikin 100 na hasken rana ko fiye, baƙi da mai tsatsa kuwa shanye yawancinsa suke yi. Farar ƙasa ma tana yi, sai dai ruwa yana wanke ta, sai a sake kowace shekara. A riƙa share ƙurar hunturu, domin farin da ya yi datti ya rage aiki. Mai sayen sabon kwano mai launi, ya guji baƙi da shuɗi mai duhu, kome kyansu a ido.

3. A yi silin. Ko na zana ne ko asabari ya fi babu. A bar aƙalla ƙafa 1 tsakanin silin da kwano, a huda kafa a bango ta kowane ƙarshe, a rufe ta da ragar waya saboda ɓeraye da tsuntsaye. Iskar da ta yi zafi a can sama sai ta fice, ba ta sauko ɗaki ba.

4. A shimfiɗa ɓuntun shinkafa a kan silin. Ga shi nan tsibi-tsibi a bayan injinan casar shinkafa na Kura, har ƙona shi ake yi. A zuba busasshe a buhuna, a ɗinke, a kwantar da su yadda kaurinsu zai kai inci 4. A gaya wa kafinta tun da wuri, domin kowace mita ɗaya ta silin za ta ɗauki nauyin kilo 10 ko kusa da haka. A nisanta buhunan da wayar wuta, a kuma duba su sau ɗaya a shekara.

Silin da ɓuntu aiki biyu suke yi. Da bazara su tare hucin kwano, da hunturu su hana ɗumin ɗaki fita ta sama.

FUSKAR GINI DA INUWA

Tun ran gini, tun ran zane. Akwai gyaran da ba ya cin ko kwabo in an yi shi ranar da ake ja igiya, amma ba ya yiwuwa bayan an ɗora bulo. Shi ne inda gini zai fuskanta.

A miƙe tsawon gini daga gabas zuwa yamma. Wato gajerun bangaye biyu su dubi gabas da yamma, dogayen su dubi kudu da arewa. Dalili kuwa, rana ta hantsi da ta la'asar a kwance suke dukan bango, kuma ta la'asar ta fi muni don ta tarar da iska ta riga ta yi zafi. Bangon yamma ya zama ba taga, ko kuwa ƙarama. A dasa darbejiya ko mangwaro ta yamma, nesa da bango kamar taki 6 ko 7 saboda saiwa. Kafin itace ya girma, a kafa rumfar zana.

Sa'an nan a bar bakin rufi ya zarce bango da ƙafa 2 zuwa 3. A nan inda muke, daga Maris zuwa Satumba rana kusan a tsakar ka take wucewa da azahar, don haka wannan 'yar zarcewa ta isa ta rufe dogon bango da inuwa tun daga sama har ƙasa. A Disamba kuwa rana takan karkata kudu sosai, sai ta leƙo ƙarƙashin bakin rufin ta ɗumama ƙasan bangon kudu, a daidai lokacin da ake bukatar ɗumi. Kun ga rufi ɗaya ya yi aikin bazara da na hunturu. Ta gabas ma a bar bakin rufi da faɗi, domin ta nan hadari ke zuwa ya zaizaye bango.

BANGO

Duk wanda ya taɓa shiga Gidan Makama a birnin Kano da tsakar rana ya san yadda ginin ƙasa mai kauri yake. Magina na da, masu tubali da azara da makuba, sun san abin da suke yi. Bangon ƙasa mai kaurin ƙafa 1 yakan riƙe zafin rana awa 8 zuwa 10 kafin ya ratsa shi. Zafin azahar ba zai iso ciki ba sai dare ya yi, sa'ad da waje ya huce. Bulon siminti na inci 6 kuwa, tun kafin magariba ya wuce da zafin.

Saboda haka:

1. Mai ginin ƙasa kada ya rage kauri. Ya yi harsashi da dutse ko bulo har ƙafa 1½ sama da ƙasa saboda laima, ya ɗora tubali a kai, ya kare shi da bakin rufi da yaɓe mai kyau.

2. Mai ginin bulo ya sa na inci 9 a bangon yamma da na gabas, ko da sauran na inci 6 ne. Ya yi filasta, ya shafa farar ƙasa ta waje.

3. Akwai bulon jar ƙasa da ake matsawa da inji, ana sa siminti kaɗan, kamar awo 1 cikin 20. Cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1978, ta yi aiki a kan irin wannan inji. Wannan bulo ya haɗa ƙarfi da riƙon sanyi.

Bango mai kauri yana da ƙa'idarsa. Da bazara a rufe ƙofa da taga tun hantsi, a buɗe su bayan isha'i har asuba, don iskar dare ta kwashe zafin da bango ya tara. Da hunturu a juya: a buɗe da rana, a rufe tun la'asar sakaliya, a toshe ƙarƙashin ƙofa da tsumma. Wanda ya bar ɗakin ƙasa a rufe dare da rana da bazara, tanderu ya gina.

Wannan shi ne tushen magana. Yanzu bari mu ɗauki ɗakuna huɗu da muke amfani da su, domin kowanne da abin da yake so.

ƊAKIN ALBASA

Kowa ya san yadda farashi ke faɗuwa a kasuwar Gundutse lokacin da kowa ke cire albasa, da yadda yake tashi bayan damina ta yi nisa. Ribar tana wurin wanda albasarsa ta kai wannan lokaci da lafiyarta.

Albasa mai rai ce, tana numfashi, tana fitar da ɗumi da gumi. Abin da take so shi ne inuwa, bushewa da iska mai ratsa ta. Ta fi zama lafiya a digiri 25 zuwa 30. In zafi ya wuce haka sosai, sai ta yi ta ƙyamushewa tana rage nauyi, in ga laima kuma baƙar fumfuna ta kama ta. In aka sanyaya ta da ruwa, sai ta yi saiwa ta tsiro. Don haka ɗakin kwano rufaffe da daɓen siminti shi ne mafi munin wurin da za a zuba ta.

1. A yanke ban ruwa mako 2 kafin cirewa. A shanya ta a inuwa kwana 10 zuwa 14 har wuyanta ya bushe ya rufe. A ware mai rauni da mai kaurin wuya a sayar da su tun yanzu.

2. A yi dandamali da gora ko sanduna, ƙafa 2 sama da ƙasa, a bar tsakanin yatsa ɗaya ko biyu tsakanin sanduna, don iska ta shigo ta ƙasa. Mutanen Sakkwato da Aliero sun daɗe suna irin wannan, suna kiransa rudu.

3. Faɗin tarin albasa kada ya wuce ƙafa 4, zurfinsa kada ya wuce ƙafa 3. Tsawo kuwa gwargwadon albasarka. In tari ya yi faɗi, iska ba ta kai tsakiyarsa, daga nan ruɓa ke farawa.

4. Gefe ya zama na kara ko gora mai tsakani. Rufi na ciyawa ya fi. In kwano ne, a ɗaga shi ƙafa 3 sama da albasa, a yi masa silin na zana, a bar kafa a ƙololuwa.

5. Kada a lulluɓe ta da leda ko tamfol. A duba ta kowane mako 2, a tsince wadda ta lalace.

ƊAKIN IRI DA HATSI

Irin alkama ana girbe shi a Maris ko Afrilu, ba za a shuka shi ba sai tsakiyar Nuwamba zuwa Disamba. Ke nan sai ya ƙetare bazara da damina gaba ɗaya a ɗaki. Wani masanin iri na Amurka mai suna Harrington ya fitar da wata ƙa'ida da har yau ake aiki da ita: duk digiri 5 da aka rage na zafin wurin ajiya, tsawon ran iri yakan ninka; haka kuma duk kashi 1 cikin 100 da aka rage na danshin irin. Kun ga bambanci tsakanin ɗaki mai digiri 35 da mai digiri 30 ba ƙarami ba ne.

A nan bango mai kauri da silin suka fi amfani. Ɗakin ƙasa mai ƙananan tagogi a sama, ko rumbu mai jinka a kan duwatsu, ya fi shagon kwano. A busar da iri sosai har ya ƙaras a haƙori, a bar shi ya huce a inuwa kafin a zuba a buhu. Buhun PICS mai leda biyu a ciki yana hana ƙwari da laima, amma ba ya hana zafi, don haka shi ma inuwa yake so. A jera buhuna a kan katako, a bar ƙafa 1½ tsakaninsu da bango, ƙafa 3 tsakaninsu da rufi. Kada a haɗa iri da taki a ɗaki ɗaya.

Mako 2 kafin shuka, a ƙirga ƙwaya 100 a naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, a duba bayan kwana 7. In waɗanda suka tsira ba su kai 80 ba, a nemi shawarar malamin gona kafin a kai shi gona.

ƊAKIN KAJI DA 'YAN TSAKI

Kaza ba ta gumi. In zafi ya dame ta sai ta buɗe baki tana haki, ta saki fukafukai. Daga digiri 30 zuwa sama takan rage cin abinci, ƙwai ya ragu, ɓawonsa ya yi laushi. In ya kai 40 a ɗaki mai cunkoso, sai a fara kwasar gawa, manyan kajin nama su ne kan gaba.

Ɗakin manyan kaji ya miƙe gabas da yamma, faɗinsa kada ya wuce ƙafa 30. Dogayen bangaye bulo 2 ko 3 kawai, sauran ragar waya har sama. Rufi ya yi tsayi, a bar kafa a ƙololuwa, a yi masa abin da muka faɗa na fari da kara. Tankin ruwa kada a bar shi a rana: a yi masa rumfa, a naɗe shi da buhun algarara, a binne bututu a ƙasa. Kaza ba ta shan ruwan zafi, in kuwa ba ta sha ba, ba ta ci.

'Yan tsaki kuma akasin haka ne. A makon farko suna son digiri 32 zuwa 35 a daidai bayansu, a riƙa rage digiri 3 kowane mako har gashi ya rufe su. A daren Janairu sai ka ƙara musu digiri 20 a kan na waje. Wanda ya ce zai ɗumama babban ɗakin kwano gaba ɗaya, gawayinsa sama yake tafiya. Ga dabara:

1. A yi ɗaki cikin ɗaki. A ɗaura tamfol ko buhuna a sama kamar ƙafa 6 ko 7 daga ƙasa, a zagaye gefe da labule. Wurin da za a ɗumama ya ragu, gawayi ya ragu.

2. A zuba busasshen ɓuntu ko garin katako inci 3 zuwa 4 a ƙasa. Daɓen siminti yana zuƙe ɗumin ɗan tsako ta ciki da ƙafafu.

3. A kewaye su da kwali mai tsayin ƙafa 1½, a yi shi da'ira, don kada su sami lungun taruwa.

4. Labulen gefe a ɗaure shi ta ƙasa, a riƙa buɗe shi ta sama, musamman ta arewa da gabas. Iska ta shiga, amma kada ta bugi 'yan tsaki kai tsaye.

5. A kunna wuta awa 12 zuwa 24 kafin su iso, don ƙasa ta ɗau ɗumi.

Su da kansu za su gaya maka. In sun cunkushe kusa da wuta suna kuka, sanyi suke ji. In sun gudu gefe suna haki, zafi ya yi yawa. In sun koma gefe ɗaya, iska ce ke shigowa ta wata kafa. In sun bazu suna ci suna sha, to ka yi daidai.

AJIYAR TUMATIR DA GANYE

Tumatir yana ci gaba da nuna bayan an tsinke shi, kuma duk digiri 10 da zafi ya ƙaru, saurin lalacewarsa yakan ninka biyu ko uku. Kwandon da ya wuni a rana a bakin titi a Kwanar Gafan ya yi asarar kwanakinsa tun bai hau mota ba. A tsinka da sassafe, a kai inuwa nan take. Rumfar zana a bakin gona ta fi ta kwano.

A nan ne dabarar randa ke aiki. Wani malami daga Jihar Jigawa, marigayi Mohammed Bah Abba, ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. A Indiya kuma sun yi irinta babba da jan bulo. Ana shimfiɗa bulo a ƙasa, tsawo ƙafa 5½, faɗi ƙafa 4. A ta da bango biyu masu tsayin ƙafa 2 da ɗan kai, a bar inci 3 tsakaninsu, a cika da yashin rafi. A rufe da murfin gora da jiƙaƙƙen buhun algarara, a yi rumfa a kai, a jiƙa yashin safe da yamma. Da rani, sa'ad da iska ta bushe, cikinsa yakan fi waje sanyi da digiri 10 ko kusa da haka. Ya dace da tumatir, tattasai, attarugu, karas da alayyafo. Da damina ba ya aiki sosai, domin ruwa ba ya bushewa. A tuna: albasa, iri da hatsi ba su shiga nan.

GARGAƊI

Dattawa, a gafarce ni, wannan sai na faɗa da babbar murya. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar guba wadda ba ta da wari, ba ta da launi. Tana kashe 'yan tsaki, tana kashe mutum a cikin barci. Hayaƙin janareta ma haka. Kowane hunturu sai mun ji labarin gobara ko na waɗanda aka wayi gari ba su tashi ba. A hura gawayi a waje har ya daina hayaƙi kafin a shigar da shi. A bar kafa a sama kullum. Kada yaro ya kwana a ɗakin 'yan tsaki. Kada a kwana da kasko a ɗakin iyali. A nisanta wuta da tamfol, ɓuntu da zana, a ajiye bokitin yashi a bakin ƙofa.

ABIN DA ZA A FARA YI

Ba kowa ke da halin sabon gini ba, kuma ba sai an rushe na da ba. A bi su bi da bi:

1. Bana: kara ko farar ƙasa a kan kwano, rumfa ta yamma, katako a ƙarƙashin buhuna, dandamali don albasa.

2. In an sayar da amfani: silin, kafofin iska da buhunan ɓuntu.

3. Da damina: a dasa itace ta yamma.

4. Ranar sabon gini: a tsaya a kan magini ya miƙe shi gabas da yamma, ya bar bakin rufi.

Gani ya kori ji. Ina roƙon kowace ƙungiya ta sayi ma'aunin zafi guda 2, ba su da tsada. A rataye ɗaya a ɗakin kwano marar silin, ɗaya a ɗakin da aka gyara ko ɗakin soro. A rubuta abin da suka nuna da ƙarfe 3 na rana da kuma asuba, har kwana 7. In mun sake haɗuwa ku zo da takardun, mu duba tare, kowa ya ga abin da rufinsa ke yi masa.

Mai neman ƙarin bayani ko awon gini, sai ya tuntuɓi malamin gona na yankinsa, ko ofishin KNARDA mafi kusa da shi. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

 Allah ya sa albarka a abin da muka noma, ya tsare mana shi har ranar sayarwa, ya mai da kowa gida lafiya.